Marubucin da ba ya son hayaniya, ta yaya zai sayar da littafinsa?

Shiru-Shiru: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Na kammala littafina, an tace shi, an yi masa bango, kuma ni na ɗauki nauyin komai, babu wani kamfanin ɗab'i a bayana. Da aka zo kan talla sai na tsaya cak. Duk wanda na nemi shawararsa sai ya ce in buɗe TikTok, in riƙa fitowa a bidiyo kullum, in riƙa shirin kai tsaye ina hira da jama'a. Ni kuwa ko waya aka kira ni, sai in zuba mata ido har ta katse, sannan in tura saƙo in tambayi ko lafiya. Rubutu ba ya ba ni wahala, amma in tsaya gaban kyamara ina yabon kaina, wallahi ji nake kamar zazzaɓi zai kama ni. Akwai wanda ya taɓa sayar da littafi ba tare da ya zama ɗan wasan kwaikwayo ba? Ko dai in haƙura?

Mai Talla: Wa alaikumus salam. Malama, zan faɗa miki abin da wasu za su ɓoye miki. Littattafai sun yi yawa, lokacin mutane ya yi kaɗan. Mai saye sai ya san ki, ya saba da ganinki, kafin ya zaro kuɗinsa. Ko kana da kyau ka ƙara da wanka. Ki daure ki fito, makon farko ne mai wuya.

Maman Ilham: Haba Malam. Ta ce maka abu yana sa ta zazzaɓi, ka ce ta daure? Da daurewa tana maganin wannan ai da ba ta zo nan ba.

Mai Talla: Hajiya, ba mugunta ba ce. Kasuwa ce ba ta san halin kowa ba.

Tsohon Edita: Ku bari in raba muku abu biyu da kuka cakuɗa. Akwai mutumin da cuɗanya da jama'a ke gajiyar da shi. Zai iya shiga taro ya yi magana lafiya lau, amma idan ya dawo sai ya kaɗaice na wani lokaci kafin ƙarfinsa ya dawo. Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwizalan, tun 1921 ya yi bayanin wannan a matsayin ɗabi'a, bai kira ta cuta ba. Akwai kuma wanda tsoro ke riƙe shi: me za a ce, wa zai zage ni, idan na tallata ba wanda ya saya fa? Na farko ba ya bukatar magani, hanyar da ta dace da shi kawai zai nema. Na biyu kuwa ko wace hanya ya bi zai tarar da tsoron yana jiransa a can. 'Yata, ki tambayi kanki wanne ne naki. Ina zargin kina da kaɗan daga kowanne, kamar yawancinmu.

Shiru-Shiru: Baba, ka gano ni. Gajiyar ta fi yawa, amma tsoron ma yana nan.

Tsohon Edita: To gajiyar za mu iya kauce mata. Tsoron kuwa akwai wuri ɗaya da dole ki haɗu da shi ido da ido, zan zo kansa.

Makaranciya: Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, amma ku ji daga bakin mai saye. Marubutan da nake sayen littattafansu, yawancinsu ko a hanya muka haɗu ba zan gane su ba. Ban san fuskarsu ba, ban san muryarsu ba. Abin da ya ja ni wajensu shi ne na ga wani guntun rubutu ya riƙe ni, na nemi ci gabansa. Akwai kuma waɗanda na toshe sanarwarsu saboda kullum abu ɗaya ne: hoton bango, a ƙasa an rubuta "ya fito, ku hanzarta". Na ga bangon, na gode. Me ke ciki?

Maman Ilham: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Wannan "me ke ciki" ita ce maganar duka.

Ɗan Kwamfuta: Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Malam Mai Talla yana maganar tara mabiya, amma a tambayi mabiyan na wa ne. Idan kina da mutum dubu goma a shafinki na Facebook, ba ke ce ke yanke wa zai ga rubutunki ba, na'urar kamfanin ce ke zaɓa. A watan Janairun 2018 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa za su fifita abin da dangi da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci da na kafafen labarai. Waɗanda suka shekara suna gina shafi suka wayi gari rubutunsu ba ya isa ga mutanen da suka tara. Ba su yi laifin komai ba, doka ce ta canza. Wani lokaci ma dandalin ne ke mutuwa ɗungurungum. Vine ya rufe a 2017, Google+ ya bi shi a 2019, duk wanda ya tara jama'a a can sai da ya koma farko.

Abin da ba a iya ƙwace miki shi ne hanyar da za ki isa ga mai karatu kai tsaye, da yardarsa: adireshin imel ɗinsa, ko lambar da ya ba ki da kansa. Mutum ɗari uku da suka ce "turo mini duk lokacin da kika yi sabon rubutu" sun fi dubu goma da suka danna maɓalli suka wuce. Kuma ki lura, wannan hanyar rubutu ce zalla. Wasiƙa ce za ki rubuta a ɗakinki, ki gyara ta yadda kike so, ki tura lokacin da kika ga dama. Ba kyamara, ba wanda zai katse ki.

Mai Talla: Imel? Yallaɓai, wa ke buɗe imel? Nawa ma sai zan karɓi lambar sirri nake tunawa da shi.

Ɗan Kwamfuta: Ya danganta da masu karatunki ne, Malama, kada ki ɗauki maganata ko tasa a dunƙule. A wasu wuraren wasiƙar imel ita ce ginshiƙin marubuta, shi ya sa Substack, dandalin tura wasiƙun imel da aka kafa a 2017, ya yi ƙarfi. Rubutu kyauta ne a can, idan kuma kika sa kuɗin rajista su ɗauki kashi 10 cikin 100. Idan masu karatunki a WhatsApp suke, bi su can. Sai dai ki san bambancin. Saƙon da ake watsa wa mutane da yawa lokaci ɗaya yana ɗaukar mutum 256 ne a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki. Tashar WhatsApp da suka fito da ita a 2023 kuwa tana ɓoye lambarki daga mabiya, su ma ta ɓoye tasu daga gare ki. Ga mai son sirri wannan daɗi ne, amma ki ga inda gizo ke saƙar: tunda ba ki da lambobinsu, ranar da tashar ta tafi, sun tafi. Don haka ko me kika zaɓa, ki ajiye jerin waɗanda suka taɓa saye a wani wuri naki na kanki.

Shiru-Shiru: Wannan ya kwanta mini. Amma me zan riƙa rubuta musu? Ba zan iya baje rayuwata a fili ba, abin da na ci da inda na je.

Maman Ilham: Wa ya ce ki baje? Ni abin da nake yi, kuma yana yi mini aiki, shi ne in bar littafin ya yi magana. Misali, maimakon in ce littafina yana da darussa masu ratsa zuciya, sai in ɗauko wuri kamar haka:

"Ta ajiye makullin a kan teburin, a daidai inda ya saba ajiye nasa. Ya kalli makullin, ya kalle ta. Ya ce, 'Na mota ne ko na gida?' Ba ta amsa ba, don ta san ya san bambancinsu."

Shi ke nan. A ƙasa in sa sunan littafin da inda ake samunsa. Wanda wannan ya taɓa shi zai zo da ƙafarsa. Wanda bai taɓa shi ba, da ma ba nawa ba ne, ko rawa na yi masa a bidiyo ba zai karanta shafi ɗari biyu ba.

Bayan tsakure akwai abubuwa da yawa da ba su shafi sirrinki ba: babin da kika cire da dalilin cire shi, abin da kika gano wajen bincike wanda bai samu gurbi a littafin ba, yadda wani ɗan wasa a labarin ya ƙi bin hanyar da kika tsara masa. Masu karatu suna son leƙa bayan labule, kuma labulen aikin ne, ba na gidanki ba.

Makaranciya: Anti, na makullin nan a wane littafi yake? Tambaya nake da gaske.

Mai Talla: To ga shi ta sayar da kwafi ɗaya a gabanmu. Na sara miki Hajiya. Amma ku bar ni in kare kaina. Ku duba abin da ake kira BookTok, wato bidiyon littattafai a TikTok, yadda bidiyo ya tayar da littattafan da suka shekara a kwance. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Tsohon Edita: Ba tatsuniya ba ce, amma ka duba da kyau su wa ke cikin bidiyon. Galibi masu karatu ne ke ɗaukar kansu suna kuka ko dariya a kan littafin wani. Marubucin yana gida. Darasin da ni na ɗauka daga can shi ne a sa littafi a hannun masu karatu masu baki, a bar su su yi surutun da marubucin ba zai iya ba. Kowane marubuci mai shiru yana da mai karatu ɗaya ko biyu da ba sa iya riƙe abu a ciki. Ki neme su, ki ba su kwafi kafin ya fito.

Alƙalamin Dare: Ni fa ina ganin duk wannan wahalar banza ce. Elena Ferrante ta Italiya tun 1992 take fitar da littattafai da sunan aro, ba ta taɓa fitowa fili ba, hira ma a rubuce take amsawa, kuma duniya ta san ta. Aiki mai kyau shi ke tallata kansa.

Tsohon Edita: Ɗana, Ferrante tana da kamfanin ɗab'i da ke buga mata, ya rarraba, ya nemo masu fassara, ya aika wa 'yan jarida. Ita ta ɓuya, amma akwai ma'aikata da ake biya albashi don kada littafin ya ɓuya tare da ita. Wadda ta yi mana tambaya ita ce marubuciya, ita ce maɗaba'a, ita ce mai rarrabawa. Idan ta ɓuya, wa ya rage?

Idan misali kake so wanda ya yi kusa da halinta, ɗauki Andy Weir, Ba'amurke mai rubuta manhajar kwamfuta. Littafinsa The Martian babi-babi ya riƙa sa shi kyauta a shafinsa na intanet. Masu karatu suka riƙa gyara masa kurakuran kimiyya, daga baya suka roƙe shi ya sa a Kindle, manhajar karatun Amazon, don su ji daɗin karantawa, ya sa a kan santi 99 na dala. Daga nan ne kamfanin ɗab'i ya neme shi, aka buga a 2014, aka yi fim a 2015. Ba ina cewa kowa zai samu irin sa'arsa ba, ɗaya ne cikin dubbai. Abin lura shi ne da rubutu ya tara mutanensa, a hankali, tun kafin ya sami abin sayarwa.

Alƙalamin Dare: Baba, kyauta fa ka ce. Mu da muke fama da ɓarayi? Ka saki littafi da safe, kafin la'asar yana yawo a zauruka an cire sunanka. Yanzu kuma mu ba su da hannunmu?

Maman Ilham: Ɓarawo ba tsakurenka yake jira ba, cikakken yake saya sau ɗaya ya watsa. Ko ka ba da babi uku ko ka hana, ba abin da ya canza masa. Wanda hanawar ke cutarwa shi ne mai gaskiyar da ke son ya ɗanɗana kafin ya biya. Amazon ma kanta tana barin mutum ya karanta kusan kashi 10 cikin 100 na farkon littafi kyauta, kuma ba don tausayi take yi ba.

Alƙalamin Dare: Duk da haka abin da ciwo.

Maman Ilham: Da ciwo ƙwarai, ban musa ba.

Shugabar Zaure: Jama'a, maganar satar fasaha mu ware mata ranarta, don idan muka shiga ba za mu fita ba. A koma kan tambayar 'yar uwarmu.

Ɗan Kwamfuta: Tunda an ambaci Amazon, ga abin da ya kamata mai niyya ya sani kafin ya shiga. Tsarinsu na wallafa kai, KDP, tun 2007 yake. Littafin lantarki da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 marubucinsa yana iya samun kashi 70 cikin 100 na kuɗin, wanda ya fita daga wannan zangon kashi 35 ne. Akwai kuma KDP Select, inda za ka yi alkawarin kwana 90 ba ka sayar da na lantarkin a wani wuri ba, ko da shafinka ne, su kuma su biya ka gwargwadon shafukan da masu biyan kuɗin karatu na wata-wata suka karanta. Mutane suna danna wannan ba su karanta sharaɗin ba. Sannan a fara duba ko suna karɓar harshen da aka yi rubutun da shi, da yadda kuɗin zai iso hannu. Kuma kada wani ya zaci sa littafi a can talla ne. Wurin ajiya ne da karɓar kuɗi, mutanen kai za ka kawo su.

Shiru-Shiru: Na gode ƙwarai. Wata damuwar ita ce sharhi. Idan mutum goma suka yi magana a ƙarƙashin rubutuna sai in ji dole in amsa wa kowa nan take, daga nan yinin ya tafi, ban rubuta komai ba, kaina yana ciwo.

Maman Ilham: Ba dole ba ne. Ki zauna rana ɗaya da hankalinki yake kwance ki rubuta na mako guda ko biyu, ki tsara musu lokacin fita, Facebook da Instagram duk suna da wannan. Ki kashe ƙararrawar sanarwa. Ki ware lokaci guda a yini na amsa saƙo, idan ya cika ki rufe. Kuma dandali ɗaya ya ishe ki. Waɗanda na ga sun gudu sun bar shafukansu kufai, yawanci waɗanda suka buɗe biyar rana ɗaya ne. Gara a san duk Juma'a akwai rubutunki, shekara ta zagayo ba ki saɓa ba, da ki yi ruwan rubutu wata guda ki ɓace wata shida.

Ɗan Kwamfuta: Akwai lissafin da marubuci Ba'amurke Kevin Kelly ya yi a 2008 da nake tunawa da shi a irin wannan: mai fasaha da ke da masoya na haƙiƙa 1,000, kowanne yana kashe dala 100 a shekara a kan aikinsa, ya sami dala 100,000. Ga marubuci adadin ya yi yawa, don ba mai karatun da zai kashe haka a kan littattafan mutum ɗaya. Amma tunanin yana nan: jama'a kaɗan da ke dawowa, ba taron da ke wucewa ba.

Mai Talla: Dubun nan ma ai sai an nemo su. Daga sama za su faɗo?

Tsohon Edita: Ba daga sama ba, kuma a nan kana da gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, da ta fara tun tana rubuta littafin da yanzu tana da mutanenta. Amma ba a makara ba. Marubuci ɗan uwanta da ke rubuta irin nata zai iya gabatar da ita ga masu karatunsa, ita ma ta rama. Masu sharhin littattafai suna nan, a rubuce ake tuntuɓarsu. Shafin ƙarshe na littafin ma wuri ne: wanda ya kai can ya riga ya so ki, gaya masa inda zai same ki, ki roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa. Kada dai a sayi yabo ko a sa 'yan gida su rubuta, Amazon ta haramta hakan kuma tana gogewa.

Yanzu ga wurin da na ce dole ki haɗu da tsoron. Na sha ganin marubuta masu kunya suna komai daidai, tsakure mai kyau, bango mai kyau, sai mai karatu ya turo "nawa ne?" su kwana biyu ba su amsa ba, don faɗin farashin aikinsu yana yi musu kamar roƙo. Wasu ma su ce "bar shi kawai" su tura kyauta. Ba roƙo ba ne, aiki kika yi. Ki rubuta amsar sau ɗaya ki ajiye: ga farashi, ga yadda ake biya, ga yadda za ka karɓa. Duk wanda ya tambaya ki kwafa ki tura, kada ki ƙara "ka yi haƙuri" a gaba ko a baya.

Shiru-Shiru: Baba kamar kana leƙa wayata. To ga abin da na rubuta na gabatarwa, ku duba mini: "Wannan ɗan ƙaramin ƙoƙari ne nawa, ban ƙware ba, ina fatan za ku yi mini uzuri a kan kurakuran da ke ciki. Labari ne mai ɗauke da darussan rayuwa."

Makaranciya: Yaya, kin ba ni dalili uku na kada in saya, ba ki ba ni ko ɗaya na in saya ba. Wace ce a labarin? Me take so? Me ya tare ta?

Shiru-Shiru: Bari in sake. "Shekara ashirin tana rubuta wa mahaifinta wasiƙu a madadin ɗan'uwanta da ya ɓace, don kada tsohon ya san gaskiya. Ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa, mai sallamar yana riƙe da wasiƙun duka."

Makaranciya: Kai! Wannan kika ɓoye a bayan "ɗan ƙaramin ƙoƙari"? Shi ne ɗan'uwan ko wani ne?

Maman Ilham: Kada ki gaya mata. Ta saya.

Tsohon Edita: Ya yi. "Don kada tsohon ya san gaskiya" ma za ki iya cire shi, mai karatu zai gane da kansa. Ki gwada karanta shi a bayyane da shi da kuma babu shi, ki ji wanne ya fi zama a kunne.

Mai Talla: Na yarda ya yi kyau, kuma ban janye maganar bidiyo ba, ko hannunki kawai a gani yana buɗe shafi. Amma Malama, har yanzu ba ki sa sunan littafin ba, ba farashi, ba inda za a saya.